Gidan Nasif na Jidda: yadda dutse mara ƙarfi ya ɗauki bene hawa huɗu

Dutsen da aka gina Gidan Nasif dashi, in aka miƙo maka guda ɗaya zaka yi mamakin rashin nauyinsa. Duk jikinsa ƙananan ramuka ne, ana sassaƙa shi da gatari ba wahala, kuma in ya sha ruwan gishiri ya daɗe sai ya fara marmashewa yana zuba. Amma da wannan dutsen aka ɗora bene hawa huɗu a tsakiyar tsohon garin Jidda, aka fara ginin a 1872 aka gama a 1881, yau shekara sama da 140 kenan gidan yana tsaye, alhali maƙwabtansa da yawa da aka gina da dutse iri ɗaya a zamani ɗaya sun zube ko gobara ta cinye su. Ni abinda ya ja hankalina ga wannan gida shine maginan da suka yi shi sun san sarai dutsen nasu rarrauna ne, basu yaudari kansu ba, kusan duk abinda zaka gani a jikin ginin, katakon da ke cikin bango, farar ƙasar da aka shafe shi da ita, manyan tagogin nan, dabara ce ta rufa wa dutsen asiri. Wanda bai fahimci haka ba in yazo gyara sai ya ɓata, kuma an ɓata da yawa a unguwar.

Duk wanda yaje Hajji ko Umara ya leƙa Balad, wato tsohon garin Jidda, sayen tsaraba, toh ya wuce kusa da gidan ko bai sani ba. Yana kan titin kasuwar Alawi ne, tsohuwar hanyar da take tasowa daga wajen bakin teku ta ratsa gari ta fita ta Ƙofar Makka, wato hanyar da alhazan da suka sauka daga jirgin ruwa suke bi tun zamanin da. Jidda ta zama tashar jiragen ruwan Makka tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, kuma arzikinta daga nan yake, alhazai da fatauci. Wanda ya gina gidan shine Umar Nasif Afandi, attajiri ne kuma wakilin Sharifin Makka a Jidda, kaga kenan gidan ba na kwana kaɗai bane, wajen karɓar baƙi ne da yanke harka. Lokacin da ya fara ginin ma yana da muhimmanci. A 1869 aka buɗe mashigin Suwez, jiragen ruwa masu tururi suka fara zirga-zirga a Bahar Maliya tsakanin Turai da Indiya, alhazai suka ƙaru, kaya suka ƙaru, kuɗi ya shigo hannun 'yan kasuwar Jidda, yawancin dogayen gidajen da ake gani a Balad yau a wannan tsakanin aka ɗaga su.

Me yasa sama suka yi basu yi faɗi ba? Ganuwa. Tun farkon ƙarni na 16 aka zagaye garin da ganuwa a zamanin sarkin Masar Ƙansuh al-Guri saboda tsoron jiragen yaƙin Turawan Fotugal, kuma ta yi amfani dan sun zo a 1517 basu iya cin garin ba. Garin ya zauna cikin wannan ganuwa har 1947. Fili kaɗan, mutane suna ƙaruwa, kowane ɗa in yayi aure gida ɗaya ake so ya zauna da iyayensa, sai aka riƙa hawa sama. Sannan a gari mai zafi da gumi irin Jidda, wanda ya fi tsawo shi ya fi samun iska.

Toh mu dawo kan dutsen. Dutsen murjani ne, wato abinda ƙananan halittun teku suka tara shekara dubbai ya daskare, ana haƙo shi a bakin teku da wajen tafkin Arba'in da ke arewacin tsohon garin, mutanen Jidda suna ce masa manƙabi. A wannan tafkin dai ake ɗebo baƙin taɓon da ake haɗa duwatsun dashi. Ana sassaƙa fuskar dutsen ta zama murabba'i, a jera layi ɗaya ta waje layi ɗaya ta ciki, a cike tsakiya da ƙananan duwatsu da taɓo. Bangon ƙasa shi yafi kauri, ana hawa ana rage masa kauri dan kada nauyi yayi wa na ƙasa yawa. Amfanin dutsen a bayyane yake, yana kusa, bashi da nauyi, kuma ramukan jikinsa suna sa zafin rana baya ratsa shi da sauri, ɗaki yana zama da sanyi-sanyi. Illarsa kuma baya jure nauyi in ya taru waje ɗaya, yana tsotsar ruwa sosai, ga ƙasar Jidda ita kanta ba tsayayya ba ce, in ka haƙa kaɗan sai ruwan gishiri, dan haka fandishon gidajen bashi da zurfi. Wato dai gini ne mai tsawo, da dutse mai laushi, akan ƙasa mai motsi. In ka gaya wa injiniyan yau haka kawai cewa zai yi kar a fara.

Maganin da suka samo shine katako. In ka tsaya gaban kowane tsohon gida a Balad wanda shafensa ya ɓare zaka ga layukan katako a kwance a cikin bangon, sun zagaye ginin, kusan duk bayan mita ɗaya akwai layi. Sunansu takalil. Magini zai jera dutse layi biyar ko shida, sai ya shimfiɗa katako ta fuskar waje da ta ciki, ya ɗaure su da gajerun katakai a gicciye, sannan ya cigaba da jera dutse akai. Wannan abin yana aiki uku a lokaci ɗaya, kuma gaskiya duk lokacin da na tuna shi sai na ƙara girmama mutanen nan. Na farko yana raba nauyi, abinda ke sama baya danna dutse ɗaya shi kaɗai, katakon ya baza shi ko'ina. Na biyu in ƙasa ta ɗan nutse ta gefe ɗaya, wanda dole sai ta nutse, bangon baya tsagewa daga ƙasa har sama, tsagar tana zuwa kan katako sai ta tsaya, ginin ya ɗan karkata ya zauna a haka. Shi yasa zaka ga wasu gidajen Balad sun jingina gefe kamar zasu faɗi amma shekara da shekaru suna nan. Na ukun shine wanda ba kowa yake lura dashi ba, katakon yana ba da damar gyara. In duwatsun wani sashe suka ruɓe, magini zai tokare katakon da ke samansu, bangon sama ya rataya akansa, ya zare ruɓaɓɓun ɗaya bayan ɗaya ya sa sababbi, ba tare da an rushe komai ba kuma mutanen gida suna ciki abinsu. Tun ranar da ake ginin an riga an san wata rana za'a canja dutse, an bar wa mai gyara hanya.

Sai shafe. Bangon gaba ɗaya ana shafe shi da farar ƙasa da aka ƙona aka jiƙa, ita ma daga irin wannan dutsen ake samunta. Farar ƙasa tana hana iskar teku mai gishiri cin dutsen kai tsaye, farinta yana maida hasken rana, kuma tana barin danshin da ya shiga bango ya fita. Gishirin da ruwan ƙasa ya hau dashi sai ya fito ya taru a jikin shafen, shafen ya ɓare, a sake wani. Shafen ne yake mutuwa dan dutsen ya rayu, kuma da gangan aka tsara haka. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan lissafin, yaɓe ake sabuntawa kafin damina, wanda kuma ya gaji da yaɓe ya shafa wa katangar ƙasa siminti yana ganin ya huta, bayan 'yan shekaru sai simintin ya ɓanɓaro faifai guda ya tarar ƙasar da ke bayansa ta jiƙe ta zama gari. Abinda siminti yayi wa gidajen Jidda kenan, zan dawo kansa.

Abin mamakin shine Jidda bata da daji. Duk katakon nan, na cikin bango da na rufi da na ƙofofi da tagogi, a jirgin ruwa yazo, daga Indiya da tsibiran Jawa da gaɓar gabashin Afirka. Daɓen kowane hawa sanduna ne ake jerawa daga bango zuwa bango, a shimfiɗa tabarma akai, a zuba ƙasa da tsakuwa da farar ƙasa a daɓe. Tsawon sandar shi yake yanke faɗin ɗaki, mai kuɗi ne kaɗai yake iya sayen dogon katako mai kauri, dan haka a Jidda ta da in kana so ka san arzikin mutum ɗaga kai zaka yi ka duba rufin falonsa da yawan katakon da ke fuskar gidansa.

Nan muka zo kan rawashin, jam'in roshan, abinda kowa yake ɗauka a hoto. Roshan taga ce ta katako da take turo kai waje daga jikin bango, ta rataya saman titi, an yi mata sassaƙa da raga-raga da ƙananan marufai da ake ɗagawa a sauke. A Gidan Nasif manya guda biyu ne ɗaya bisa ɗaya a saman babbar ƙofa, sun haɗe hawa biyu kamar abu ɗaya, sauran bangon kuma tagogin katako ne manya a jere. Mutane suna ɗaukarsu ado, eh ado ne, amma aikinsu ya wuce nan. Gidan Nasif arewa yake fuskanta, kuma iskar da take sanyaya Jidda daga arewa da arewa maso yamma take zuwa, roshan ɗin da ya fito waje yana kama ta ta fuska uku ya shigar da ita ɗaki, ya tace hasken rana ya bar inuwa. A cikinsa akwai dakali da ake shimfiɗa katifa da matasai, nan ake zama nan ake kwana lokacin zafi, ana ajiye tulunan ruwa na ƙasa a inda iska ke bi ruwan yayi sanyi. Matan gida suna ganin duk abinda ke faruwa a titi ba mai ganinsu. Akwai kuma amfanin da ya shafi ginin kansa, duk inda aka sa katako an rage dutse, an rage wa bangon nauyi. Wato ko adon ma yana taimakon dutsen.

Cikin gidan bashi da tsakar gida buɗaɗɗiya irin ta gidajen Sham ko Masar, fili bai isa ba. Zaka hau 'yan matakala daga titi ka shiga ƙofar arewa, sai babban zaure, ɗaki a dama ɗaki a hagu, nan maza baƙi suke tsayawa, nan ake harkar kasuwanci. Daga zauren sai wani babban falo a tsakiya wanda ɗakuna suka kewaye, akwai kuma ƙofa ta biyu ta yamma da mata da iyalin gida suke bi basu ratsa ta cikin baƙi ba. Wannan tsarin shi ake maimaitawa a kowane hawa, bango akan bango, ba'a ɗora bango a inda babu wani a ƙarƙashinsa, da irin wannan dutsen ba'a wasa da haka. Rubuce-rubuce da yawa suna ba gidan ɗaki 106 in an haɗa da ƙanana da na ajiya.

Matattakalar gidan tana can ƙarshen kudu daura da zaure, kuma ita ce abinda 'yan yawon buɗe ido suka fi tambaya. Faɗi gareta sosai, takunta gajeru, kana hawa kamar kana tafiya akan gangare. Labarin da ake bayarwa a Jidda shine raƙumi ko doki yana hawa da kaya har sama inda kicin yake. Dalilin sa kicin a sama a fili yake, hayaƙi da zafin wuta su tashi su fita basu bi ta ɗakunan kwana ba. Ramin matattakalar kuma yana jan iska mai zafi daga ƙasa ya fitar ta sama, sannan kaurin bangonta yana riƙe ginin gaba ɗaya. A saman akwai filin shan iska da aka kewaye da katanga, a can ƙololuwa kuma wani ɗaki na katako mai tagogi ta ko'ina, nan ne wajen da yafi ko'ina iska a gidan, daga nan ana hango rufin garin duka har teku.

Ruwa shine babbar wahalar Jidda tun asali. Babu kogi, rijiyoyin cikin gari gishiri, ruwan sama kuma sau kaɗan a shekara, in yazo ya zo da ƙarfi lokaci ɗaya. A ƙarƙashin Gidan Nasif akwai tankunan ruwa da aka gina, ruwan saman da ya sauka a rufi ana bi dashi ta bututu ya gangara ciki a adana, shi yasa ma daɓen ƙasan gidan ya ɗaga sama da titi. Sauran mutanen gari saye suke yi wajen masu ɗauko ruwa daga tankunan bayan gari, kuma cikin masu wannan aikin da dako a tasha akwai Takari da yawa, mutanenmu na yammacin Afirka da suka zo Hajji da ƙafa suka zauna a bukkoki a bayan ganuwa. Ba'a rubuta sunayensu a jikin kowane gida ba amma da ƙarfinsu garin ya rayu. A farkon ƙarni na 20 Turkawa suka kawo injin tace ruwan teku da ake kira kindasa, sai a 1947 aka jawo ruwan famfo daga Wadi Fatima. In ka san wannan zaka gane dalilin da yasa bishiya ɗaya tak a ƙofar gida ta zama abin kwatance. Darbejiya ce, dogon yaron nan dai, tana tsaye a ɗan filin gaban gidan, kuma an daɗe ana kiransa gidan da ke da bishiya saboda a lokacin ba wani gida a cikin gari mai ita. Mai iya shayar da bishiya a Jidda ta wancan zamani ba ƙaramin mutum bane.

Abinda ya ɗaga sunan gidan sama da sauran shine siyasa. Bayan doguwar kewaye da sojojin Abdul'aziz Al Sa'ud suka yi wa garin, Sarkin Hijaz Ali ɗan Sharif Husaini ya miƙa wuya ya fita, Abdul'aziz ya shiga Jidda a Disambar 1925 ya sauka a Gidan Nasif. Nan yake zama in yazo garin, nan yake ganin manyan gari da jakadun ƙasashen waje, har aka gina masa fadar Khuzam a bayan ganuwa. Mai gidan a lokacin shine Shehu Muhammad Nasif, jikan wanda ya gina shi, malami mai son littafi wanda ya kashe dukiya wajen tara littattafai da buga su, ɗakin karatunsa ya kai littafi wajen 16,000 kuma ƙofarsa a buɗe take ga malamai da ɗalibai da alhazan da suka biyo. Ya rasu a 1971, littattafan suna jami'ar Sarki Abdul'aziz yanzu. Dakta Abdullahi Umar Nasif da ya riƙe babban sakataren Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, daga 1983 zuwa 1993 ɗan wannan gida ne.

Fadar Khuzam ɗin nan da na ambata, ita ake lissafawa ginin farko a Jidda da aka yi amfani da siminti da ƙarfe. Daga nan zamani ya juya. Aka rushe ganuwa a 1947, kuɗin mai ya shigo, gari ya bazu arewa, iyalan attajirai suka bar Balad ɗaya bayan ɗaya suka koma sababbin gidajen kankare masu wajen ajiye mota da na'urar sanyaya ɗaki. Ba zan zarge su ba, kowa yana son sauƙi. Amma gidan da aka tsara akan cewa kullum akwai mai kula dashi sai ya wayi gari ba kowa.

Abinda ya biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Mai gida ya rasu, magada sun kai talatin ko hamsin, wasu gidajen kuma wakafi ne, ba mai ikon sayarwa ba mai son kashe kuɗinsa shi kaɗai. Sai a ba da haya ga talakawa 'yan ci-rani, a yanka falo ɗaya ya zama ɗaki uku, ƙasan ya zama sito na 'yan kasuwa a cika shi da atamfa da katifa da kwali. Ana yawan ɗora wa 'yan hayar nan laifi, ni dai ban ga adalci a ciki ba, wanda yake biyan hayar ɗaki ɗaya ba shi zai canja katakon bango ba, kuma gidan da ke da mutane ko yaya ne yafi wanda aka kulle aka bar wa gara da ruwa. Ainihin ɓarnar daga abubuwan da aka shigo dasu da sunan cigaba take. An ja famfo a cikin bangon da ba'a gina shi da tunanin famfo ba, bututu yana yoyo shekara da shekaru ba wanda ya sani. An yi banɗaki na zamani a hawa na uku akan daɓen sanduna. Sokawe da yoyon famfunan gari suka ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ƙara matso fandisho. An fasa roshan an cusa na'urar sanyaya ɗaki, ruwanta yana ɗiga akan bango dare da rana, sauran tagogin an toshe su da kwali da falanki dan kar sanyi ya fita, iskar da take busar da ginin ta daina shiga. Wayoyin lantarki a barbaje akan busasshen katako, gobara ta zama ruwan dare, lungunan kuma motar kashe gobara bata iya shiga. Sannan siminti. Birkila yazo ya ga shafe ya ɓare, ya yi filasta da siminti dan shi ya iya kuma shi yafi arha, danshi ya rasa hanyar fita, gishiri ya taru a cikin dutsen maimakon a jikin shafe, katakon takalil da yake buƙatar bushewa ya ruɓe a ɓoye. Daga waje bango sumul, ciki ya gama lalacewa. Ambaliyar Nuwambar 2009 da ta kashe mutum sama da 100 a Jidda, da ta Janairun 2011, sun ƙara jiƙa gidajen da dama can a raunane suke.

Gidan Nasif ya tsira daga yawancin wannan saboda dalilai biyu. Iyalin sun daɗe a ciki fiye da sauran, sannan da suka tashi bai shiga hannun 'yan haya ko rigimar gado ba, a 1975 ya koma hannun gwamnati saboda tarihin saukar Sarki Abdul'aziz. Mai shi ɗaya, mai yanke hukunci ɗaya, akwai kuɗin gyara. Daga baya aka maida shi gidan tarihi da wajen taruka da lacca. A wannan zamanin ne kuma magajin garin Jidda Muhammad Sa'id Farsi, wanda shi kansa tsara gine-gine ya karanta, ya tsaya kai da fata kan kada a share Balad gaba ɗaya. Wajen 1980 aka bi gida-gida aka yi rajistar tsofaffin gine-gine sama da 500, aka kasa su aji uku bisa muhimmanci, aka hana rushe su, aka kafa ofishi na musamman na kula da unguwar. Ba dan wannan ba da yau babu abinda za'a nuna.

Sai dai dokar hana rushewa bata tilasta gyara ba, kuma nan ne ramin yake. Mai gidan da yake ganin filinsa a tsakiyar kasuwa zai kawo masa miliyoyi in ya gina bene na zamani, an hana shi rushewa, toh sai ya zuba ido kawai, ruwa da gara suyi masa aikin. Da yawa daga gidajen da ke cikin waccan rajista yau fili ne ko wajen ajiye motoci. A 2014 hukumar UNESCO a taronta na Doha ta sa tsohon garin Jidda cikin wuraren tarihi na duniya, a 2019 aka ware riyal miliyan 50 dan ceto gidaje 56 da suke gab da faɗuwa, unguwar ta koma ƙarƙashin wani shiri na ma'aikatar al'adu, a 2021 kuma aka sanar da babban aikin farfaɗo da ita. Yanzu in ka shiga zaka ga gidaje da yawa an tokare su da ƙarafa, wasu an gama su an maida su otal da wajen shan gahawa da shagunan sana'ar hannu.

A ɗaya gefen tekun akwai Sawakin ta Sudan, inda kakanninmu masu tafiya Makka da ƙafa suke shiga jirgi su tsallaka zuwa Jidda. Dutse iri ɗaya, rawashin iri ɗaya, maginan ma salon aikinsu ɗaya. Da Turawan Ingila suka gina Fot Sudan a farkon ƙarni na 20 kasuwa ta koma can, masu gidaje suka bi kasuwa, ba yaƙi aka yi a garin ba kuma ba wanda ya kawo katafila, shafe kawai aka daina yi, cikin 'yan shekaru gomomi garin ya zama tsibin duwatsu.

Shi yasa ni a ganina ma'aunin nasarar aikin Jidda ba yawan fitilun da aka haska fuskar Gidan Nasif dasu bane ko yawan baƙin da suka ɗau hoto a gindin bishiyar. Wannan gidan ba'a gyara shi sau ɗaya a gama. Shafen da aka yi bana zai ɓare, haka aka tsara shi, kuma ranar da ya ɓare dole a samu wanda ya iya jiƙa farar ƙasa ya barta ta kwana yadda ya kamata, da kafintan da zai zare ruɓaɓɓen katako daga cikin bango ya sa wani ba tare da ya kira mai kankare ba. Tsofaffin maginan da suka gaji wannan aiki daga iyayensu kaɗan suka rage, shekaru kusan hamsin ba wanda ya koya wa ɗansa saboda ba kasuwa, yanzu ne ake ƙoƙarin horar da sababbi, kuma horon wata shida baya maye gurbin wanda ya tashi yana miƙa wa babansa dutse. Ina kuma jin tsoron yadda ake son sa sanyin na'ura a kowane gidan da aka maida otal, dan bangon da ciki sanyi ƙalau waje zafi da gumi zai riƙa tara raɓa a tsakiyarsa, daidai inda katakon yake.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma yana nan, shi ba ruwansa da ajin da gida yake a rajista. In ba'a gama gyara magudanan unguwar duka da bututun da ke yoyo ba, gishiri zai cigaba da hawa bangon Gidan Nasif kamar yadda yake hawa na ƙaramin gidan da ke bayansa wanda ba sarkin da ya taɓa kwana a ciki, kuma in ƙananan suka zube lungunan da suke kawo inuwa da iska zasu buɗe, rana ta bugi bangon da ba'a gina shi dan ya sha rana tsirara ba.